Abin da Mai Aski Ya Ce Ya Gani

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo. A ciki akwai benci biyu, da kujerar aski wadda ta gaji da juyawa sai an taimaka mata da gwiwa, da wani dogon madubi da ya cinye bango guda. Wanda duk ya tsaya bayan kujerar ba ya bukatar waiwaye, madubin zai kawo masa titin gaba ɗaya: masu wucewa, masu tsayawa, da ƙofar kantin magani da ke tsallake, daidai saitin shagon.

A wurin ƙanin mahaifinsa ya koyi aski tun yana saurayi, kuma Allah ya ba shi hannu mai sauƙi. Zai yi wa mutum gyaran fuska da reza har ya gama mutumin bai san an fara ba. Amma ba hannun ne ke cika masa benci ba, bakinsa ne. Babu abin da zai faru a unguwar da safe wanda ba za a ji shi a shagon kafin azahar ba, da gishirinsa da komai. Shi ya sa aka laƙaba masa Ɗumi-ɗumi, har sunan ya danne na gaskiya, matarsa kaɗai ke ce masa Baban yara. Idan mai sanƙo ya zauna a kujera sai ya riƙe almakashi ya yi ta leƙen kan, ya tambaye shi yau yankewa za a yi ko nema. Mutane su yi ta dariya, mai sanƙon ma ya taya su. Ba mugu ba ne a yadda mutane ke auna mugunta. Yana zuwa jana'iza, yana duba marar lafiya, ba ya zagi. Abin da ba ya iya jurewa shi ne benci ya yi shiru yana tsaye.

Cikin masu zuwa aski akwai wani direban tanka, abokinsa tun ƙuruciya, mutum mai ƙarancin magana da saurin fushi. Yakan yi kwana goma, wani lokaci sati biyu, a kan hanya. Matarsa malama ce a makarantar firamare ta unguwar. Kullum da safe takan wuce ta gaban shagon da jakar littattafan yara a kafaɗa, ta yi sallama ba tare da ta ɗaga kai ba. Shekararsu shida da aure, ciki uku ya zube mata. Da ta samu na huɗu, likita ya rubuta mata allurar da za a riƙa yi mata sau biyu a sati don cikin ya zauna. Asibiti da nisa, sai ta riƙa biyawa kantin maganin nan idan ta taso daga makaranta. Ba ta gaya wa kowa ba, har mijin, don ta gaji da sa masa rai yana dawowa ya tarar babu. Ta ce a ranta sai cikin ya yi ƙwari.

Mai aski bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne madubi ya sha nuna masa Malama ta shiga kantin, mai kemis ya saki labule, an ɗan jima ta fito tana gyara mayafi.

Wata ranar Talata bayan la'asar benci ya cika, hira ta mutu. Mai faci ya leƙo ya ce yau tashar ta lalace ne, ba a ji komai ba tun safe. A daidai lokacin Malama ta shiga kantin tsallake, labule ya sauka. Mai aski ya nuna madubi da tsinin mataji, ya ce wasu dai suna hanya suna tuƙin tanka, wasu suna nan suna ba da magani. Aka yi dariya kaɗan. Mai faci ya ce kai Ɗumi ka ji tsoron Allah, wannan matar ko idon mutum ba ta kallo, ƙarya kake yi. Kalmar ƙarya a gaban mutane ita ta tunzura shi. Ya ajiye matajin, ya ce shekaranjiya ya tsallaka sayen reza, ya ɗaga labulen nan bai sani ba, ya gan su. Aka ce ya gan su yaya? Sai ya faɗi kalmar ƙarara, babu kwana-kwana, ya bi ta da rantsuwa.

Bai taɓa ɗaga labulen nan ba. Rezarsa ma a kasuwa yake saye.

Kwana huɗu bayan haka direban ya dawo. Maganar ta riga ta tarye shi tun a wurin ajiye motoci. Ko gida bai shiga ba, ya zo shagon da kayan aiki a jikinsa, yana warin mai. Ya zauna a kujera alhali kansa ba ya bukatar aski. Mutum shida ne a benci. Ya dubi abokinsa ta cikin madubi.

"Ɗumi, tsakaninka da Allah. Ka gani da idonka?"

Mai aski ya dubi madubin, ya ga fuskoki shida suna jiran bakinsa, huɗu daga cikinsu suna nan ranar da ya rantse. Ya san idan ya ce wasa yake yi, direban zai iya fasa masa baki, kuma daga ranar babu wanda zai sake yarda da labarinsa.

"Na gani," in ji shi.

Direban ya tashi ya fita. Kafin magariba ya rubuta takardar saki. Malama ta rantse, ta fito da katin asibiti, ta gaya masa ciki ne da ita na wata uku. Mai kemis ya zo har ƙofar gida da kwalaben allurar a hannu. Direban ya ce takarda kowa na iya rubutawa, cikin kuma a kai wa mai shi. A sati na biyu iyaye suka fara zuwa makaranta suna cewa a canza wa 'ya'yansu aji. Hedimasta ya kira ta ya ce ta je ta huta tukuna. Yayanta ya zo daga wani gari da motar haya ya kwashe ta da kayanta. Mai aski ya ga wucewar motar a madubi, da katifa ɗaure a sama, yana cikin yi wa wani saisaye. Mai kemis kuwa mata suka daina shiga kantinsa, mazansu suka hana. Bai cika shekara ba ya rufe ya tashi.

Abin ya dami mai aski kamar sati guda. Daga nan ya fara lallashin kansa. Ya ce ai bai gani ba, amma wa ya san abin da ke bayan labule? Wataƙila ma gaskiya ya faɗa bai sani ba. Da wannan wataƙilar ya rayu shekara goma sha bakwai. Ya aurar da babbar 'yarsa, ya sayi sabon injin aski, furfura ta fito masa a gemu, ya zama cikin masu riga kowa zuwa sahun gaba a masallacin unguwa. Idan maganar ta taso masa a rai yakan yi istigfari da sauri, ya ƙara murya a hira.

Direban ya ƙara aure sau biyu, ba a samu haihuwa ba, auren ma bai daɗe ba. Ya zama mutum mai zargi, ko gaisuwa mace ta amsa a waje sai an yi rigima. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu, ta dawo gidan tana jinyarsa. Mai aski ya ɗauki al'adar zuwa duk bayan sati biyu da 'yar jakarsa, ya yi masa aski a kan gado.

Wata safiya ya jingina shi da matashi, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya shafa kumfa. Ɗakin na warin man zafi da fitsari, duk da ƙoƙarin ƙanwar. Direban, wanda yanzu maganarsa ke fita da ƙyar ta gefen baki, ya fara zancen da bai taɓa yi ba. Ya ce kwanciya na sa mutum tunani. Ya ce duk matan da ya aura babu wadda ya so kamar Malama, har yau idan ya rufe ido yana jin ƙarar takalminta a tsakar gida. Ya ce an gaya masa ta haifi mace, yanzu ta zama budurwa. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannun mai aski.

"Ban taɓa yi maka godiya ba. Kowa ya sani ya yi shiru, kai kaɗai ka faɗa mini gaskiya. Ba don kai ba da 'yar wani na raina. Allah ya saka maka."

Mai aski ya ce amin. Bakinsa ne ya faɗa da kansa. Ya ƙarasa askin bai san yadda ya ƙarasa ba, ya yanke shi a haɓa, abin da bai yi wa kowa ba cikin shekaru. Da ya fito ya wuce gida kai tsaye. Bai buɗe shago ba ranar, washegari ma haka.

Akwai wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, mai zuwa gyaran fuska duk Alhamis da hantsi, lokacin da babu kowa. Ranar ya zo ya tarar da shagon a buɗe rabi, mai shi zaune a benci. Mai aski ya tura ƙofa, ya durƙusa a kan gashin da bai share ba, ya faɗa masa komai, tun daga dariyar Talata har zuwa addu'ar direba. Ya ce ya ji ana cewa wanda ya yi irin wannan bulala tamanin ce a kansa. Ya roƙe shi ya nuna masa inda zai je a yi masa, ko yau ne.

Tsohon ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce masa gaskiya ne, wannan ƙazafi ne, yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, hukuncinsa bulala tamanin, kuma mai shi ya zubar da shaidarsa. Amma ba ɗauka ake yi a dake mutum don ya nema ba. Haƙƙin na wadda aka ɓata ne, ita ce za ta kai ƙara idan tana so, ita ce za ta yafe idan ta ga dama. Ya ce da giya ya sha, da ya ce masa ya rufa wa kansa asiri, ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa. Wannan kuwa akwai mutane a ciki. Nadama ta samu, bari ya samu, saura mayar da abin da ya ƙwace, kuma abin da ya ƙwace mutunci ne, ba ya komawa sai ya ƙaryata kansa a inda ya yi ƙaryar. Ya tambaye shi ko direban ya taɓa zuwa gaban alƙali ya yi rantsuwar kore cikin. Mai aski ya ce a'a, takarda kawai ya rubuta.

"To yarinyar nan 'yarsa ce a shari'a tun ranar da aka haife ta," in ji tsohon. "Shekara goma sha bakwai tana da uba, kai ka hana ta shi. Ka yi sauri, mutumin nan ba shi da lafiya."

Matarsa ya fara gaya wa. Tana tsakar gida tana shanya, ya tsaya a bayanta ya faɗa. Ta sauke rigar da ke hannunta cikin bokiti, ta zauna a bakin rijiya. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta ce ita ma ta kai maganar gidaje huɗu ko biyar a lokacin, tana cewa mijinta ne ya gani da idonsa, mijinta kuma ba ya rantsuwa a banza. Ta ce ranar da Malama za ta tafi sun haɗu a bakin famfo, ta gaishe ta, ita kuwa ta kau da kai.

"Baban yara, ni ma ka saka ni a ciki," ta ce. Kwana tara ba ta ƙara yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. Amma ita ce ta je wurin ƙanwar direba ta samo kwatancen inda Malama take.

Tafiyar rabin yini ce a mota. Gidan na ƙarshen wani layi, bayan injin niƙa. Yayan nata ne ya fito, ya tsufa, amma ya gane shi tun kafin ya gama sallama. Ya tambaye shi me ya kawo shi, ko akwai sauran abin da ya manta bai faɗa ba ne. Mai aski ya ce ya zo ne ya ce ƙarya ya yi. Mutumin ya juya ya shiga ciki. Ya bar shi a rana kusan awa guda kafin a ce ya shigo.

A baranda ya same ta, bayan keken ɗinki, da tabarau a hanci da tulin kayan makarantar yara a gefe. Ba ta koma koyarwa ba. Ta nema sau biyu, maganar ta riga ta zuwa. Ba ta ƙara aure ba. Ta rame, ta yi furfura a gaban goshi. Ba ta ce ya zauna ba, shi ma bai nema ba, ya durƙusa a ƙasa daga nesa. Ya faɗi abin da ya zo faɗa. Bai ce shaiɗan ne ba, bai ce ƙuruciya ba, don tsohon alƙali ya gargaɗe shi kada ya nemi inda zai raɓe. Ya ce bai ga komai ba, ya ƙirƙira ne don kada a ce masa maƙaryaci a gaban mutane. Ya ce haƙƙinta ne ta kai shi kotu, zai amsa da bakinsa, zai kwanta a yi masa bulalar. Ya ce shi ma ya fi son haka.

Ta cire tabarau ta ajiye a kan keken. Muryarta ba ta tashi ba.

"Na san ka fi son haka. A yi maka tamanin, ka yi jinyar sati biyu, ka tashi ka ji ka yi wanka. Ni kuma in tsaya gaban mutane a sake karanta maganar nan da sunana, 'yata na zaune tana ji. Ba zan je ba."

Ya ce to ta yafe masa saboda Allah.

Ta ce mahaifiyarta ta rasu tana jin kunyar fita cikin mata. Ta ce yarinyar tana aji uku wata ta kira ta da sunan da ake kiran marasa uba, ta dawo gida tana tambayar ma'anarsa. Ta ce shekara goma sha bakwai babu sallar da ta idar ba ta kai ƙararsa ba, da sunansa, wurin wanda ba ya bukatar shaidu. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, ba ta jin yafiya a ranta, kuma ba za ta faɗi abin da ba ta ji ba don ya samu barci.

"Ka koma ka gaya wa uban yarinyar. Ka gaya wa duk wanda ka gaya wa. Ba don ni ba, ni tawa ta wuce. Yarinyar nan aure za ta yi wata rana."

Da zai fita ya ga budurwar tsaye a bakin ƙofar ɗaki, da littafi a hannu. Doguwa ce, da faɗin goshin direba da irin tsayuwarsa, kafaɗa ɗaya sama. Ko makaho ya shafa fuskar ya san 'yar wace ce. Ba ta gaishe shi ba, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Washegari da hantsi ya tafi gidan direba tare da tsohon alƙali da limamin unguwa. Wannan karon babu jakar aski. Ya tsaya a ƙarshen gado ya faɗa. Da farko direban bai gane ba, ya ɗauka lallashinsa ake yi don an ga ya kusa. Sai da mai aski ya maimaita, ya rantse, ya ce ya ga yarinyar jiya da idonsa kuma kamarsu ɗaya. Direban ya yi wani sauti da ba magana ba. Ya laluba da hannunsa mai lafiya, ya samu kofin ƙarfe da ke gefen gado, ya jefe shi da shi. Ƙarfin bai kai ba, kofin ya faɗi a kan bargo, ruwan ya jiƙe ƙafafunsa. Ya juya fuska bango yana kuka, ƙanwarsa na goge masa baki. Da ya lafa, a gaban liman da alƙali, ya ce yarinyar 'yarsa ce, a rubuta, a shaida. Ya ce kuma a fitar masa da wannan mutumin, kada ya sake taka gidan.

Ranar bayan sallar la'asar, da liman ya sallame, mai aski ya miƙe a sahun gaba kafin mutane su watse. Ya juya ya fuskanci jama'a. Ya ce shekara goma sha bakwai da suka wuce ya yi wa matar direba da mai kemis ƙazafi, ya rantse a kan ƙarya, bai ga komai ba, su biyun masu tsarki ne daga abin da ya faɗa, shi ne maƙaryaci. Rabin mutanen ma ba su san zancen ba, yara ne a lokacin ko baƙi. Mai faci, wanda ido ya fara gagara, ya ce daga baya, ai na faɗa maka tun ranar. Wani dattijo ya tofar da yawu a waje da zai sa takalmi.

Bai tsaya nan ba. Ya zauna da matarsa suka tuno duk wanda ke benci a ranakun nan biyu, da gidajen da ita ta kai maganar. Waɗanda ke raye suka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi wurin maza, ita wurin mata. Uku sun rasu. Ya je wurin tsohon hedimasta. Ya je wurin ajiye tankoki ya faɗa a gaban direbobin da ba su taɓa jin sunan Malama ba. Mai kemis ne ya ba shi wahalar nema, sai bayan wata biyar ya gano ya rasu da daɗewa a wani gari, yana aikin jiran kantin wani. Ya samu babban ɗansa ya faɗa masa. Saurayin ya ce mahaifinsu bai taɓa gaya musu dalilin tashinsu ba, yau ne ya fara ji. Ya ce shi dai ya yafe nasa, na mahaifinsa kuwa ba a hannunsa yake ba. Ya nuna masa kabarin, mai aski ya tsaya a kai har rana ta karkata.

Yarinyar ta zo ganin mahaifinta sau ɗaya, kawunta ya kawo ta. Ta zauna a kujerar roba kusa da gado kusan awa guda. An ce ya riƙe hannunta yana ta ƙoƙarin magana, ita kuma ta kasa ce masa Baba har ta tashi, sai a bakin ƙofa ta juyo ta ce Allah ya ba ka lafiya. Malama ba ta zo ba. Wata biyu bayan haka ya rasu. Mai aski ya bi jana'izar daga can baya, bai kama makara ba, don ya san mamacin ba zai so ba.

Shagon bai mutu ba, amma bencin ya yi sauƙi. Wasu sun daina zuwa don ƙyama, mafi yawa kuwa don babu abin ji. Ya zama mai aski shiru-shiru, daga sannu da zuwa sai wane iri za a yi. Idan wani ya ɗauko zancen wani a benci, sai ya kashe inji ya ce don Allah a bari, ko a fita da shi waje. Sau biyu aka neme shi shaidar ɗaurin aure ya ce a nemi wani. Ƙaramar 'yarsa ta rasa manemi ɗaya saboda maganar, ta yi wata uku ba ta gaishe shi da fuska a sake ba. Tsohon alƙali, kafin shi ma ya rasu, yakan ce masa kada ya yanke ƙauna, wanda ya tuba da gaske Allah ba ya mayar da shi, kuma Allah na da ikon ya gamsar da mai haƙƙi ranar da za a tsaya. Mai aski yakan ce ya sani, amma yana son ya ji daga bakinta.

Duk shekara yakan shiga mota ya je. Ba ya shiga gidan. Yakan tsaya a ƙofa ya ba yayanta saƙo cewa yana nan yana neman afuwa, kuma maganar kotu na nan idan ta sauya ra'ayi. Amsar ɗaya ce, ta ji. Haka aka yi sau bakwai.

A shekara ta takwas ciwon suga ya ci ƙarfinsa, ƙafa ta kumbura, bai iya tafiyar ba. Wata ranar da hantsi yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma, ƙafar naɗe da bandeji, sai ga wata mata da goyo ta yi sallama. Sai da ta matso ya gane 'yar direba ce. Ta yi aure, ta zama malamar asibiti. Ba ta zauna ba. Ta ce mahaifiyarta ta rasu sati uku da suka wuce, kuma ta bar mata saƙo ta kawo masa da bakinta.

"Ta ce a gaya maka ta daina kai ƙararka tun shekara huɗu da suka wuce."

Ya jira ko akwai saura. Ya tambaye ta ko ta ce ta yafe. Matar ta gyara goyonta, ta ce abin da aka ba ta ke nan, ba za ta ƙara ba, ba za ta rage ba. Ya ce ita fa, nata haƙƙin? Ta dubi ƙafarsa, ta ce wannan bandejin ya kwana biyu, a canza shi yau, kuma kada a bari ruwa ya taɓa wurin. Ta yi sallama ta tafi.

Matarsa ta fito ta same shi yana kuka kamar yaro, hannu biyu a fuska. Ta tambaye shi labarin daɗi ne ko na baƙin ciki, ya ce shi ma bai sani ba.

Ya ƙara wata goma sha ɗaya a duniya. An yanke ƙafar, ciwon bai tsaya ba. A kwanakin ƙarshe ba ya gane mutane sosai, amma duk wanda ya shigo duba shi, ko likita ne, sai ya kama hannunsa ya ce masa matar nan ba ta yi komai ba, shi ne ya yi ƙarya. Masu jinya da ba su san zancen ba sukan ce to Baba, mun ji. Ya rasu wata Laraba da azahar, aka yi masa salla a masallacin unguwa, sahu uku. Shagon yanzu wani mai sayar da kayan lantarki ne a ciki.